Gasarar Densu

Uwata, can Nima, ba ta ɗanɗana koko kafin ta san kaurinsa.
Ludayi take ɗagawa, ta karkata shi wajen fitila,
ta ce, "Balaraba, ƙara ruwa."
Ido ne harshenta.

Ni kuma yau ido na haya nake aiki da shi,
wani tauraron ɗan'adam da ban taɓa gani ba,
mai ratsa saman Akra da hantsi
bayan 'yan kwanaki, ba sallama, ba waiwaye.
Ya leƙa inda Densu ke zuba cikin teku,
ya aiko min da abin da ya gani
a ɗakin sanyi, a Legon,
inda nake zaune da rigar sanyi cikin watan zafi.

Shuɗi: ruwa ya kwana lafiya.
Kore: ƙananan tsirrai sun yi biki.
Amma wannan, wannan harshen ja-ja
da ya miƙe daga bakin kogi ya lanƙwasa gabas,
kamar shayin da aka cika wa madara
aka kifar a kan shuɗin zane,
shi ne abincina.
Ina auna tsawonsa. Ina ba shi lamba.

Lamba ba ta tsayuwa sai da shaida.
Don haka ran Talata, da masunta suka huta,
na roƙi Ataa Okai da kwale-kwalensa,
na ɗauki kwalabe goma sha biyu, da farin faifai mai igiya.
Na saki faifan cikin ruwa.
Kamu ɗaya, kamu biyu, ya ɓace
kamar kuɗin cefane.

"Sanda nake yaro," in ji shi,
"daga nan kana ƙirga kaguwa a ƙasa."
Ban da gurbin rubuta wannan a takardata.

Ƙarfe goma da rabi na ɗaga kai.
Ga gajimare, fari fat, ya shimfiɗa tabarma
daidai tsakanina da tauraron.
Ataa Okai ya yi dariya har ya saki filafili:
"Mai gidanki ya zo, ya tarar an rufe ƙofa."

A Tsokome wata mai tsintar kawa, ruwa iya ƙirji,
ta ɗago guda ta ɓare min da wuƙa:
taɓo a ciki, inda nama ya kamata.
Ta ce, "Shi wancan na sama da yake gani,
yana faɗa wa na tudu?
Masu kwasar yashi, masu fasa dutse,
masu buɗe madatsar Weija cikin dare?"
Na ce yana faɗa min.
Ta ce, "To ke fa?"

Na koma na tace ruwan, kwalba bayan kwalba,
a kan 'yar takarda mai faɗin bakin kofi.
Na busar, na ɗora a sikeli
mai jin nauyin numfashi.
Abin da ya rage bai kai shafin kwalli ba.
Amma ninka shi da kogi.
Ninka kogin da damina.

Guda ɗaya ta lalace, gefenta ya yage,
na sa ta a jaka na manta.
Da dare uwata na neman canji ta ci karo da ita.
Hannunta fari da gasara, ƙyallen tata a kafaɗa,
ta karkata takardar wajen fitila,
ta daɗe tana kallo.

"Wannan ba datti ba ne," ta ce.
"Jar ƙasa ce, irin ta rogo.
Gonar wani ce ta taho.
Ya sani kuwa?"

Ta ajiye ta a kan murfin tukunya, a hankali,
ta koma ga gerota da ke jiran asuba.
A roba ruwan tsari ya fara washewa daga sama,
abin da ke da nauyi yana sauka,
yana sauka.